An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Burauza Mai Mutuwa Bayan Cuta Ta Shiga Kwamfuta

Makonni kaɗan da suka wuce aiki ya kai ni wata makarantar sakandare da ke cikin yankin da na ke dubawa. Ko da na shiga ofishin shugaban makaranta sai na tarad da mutane tsaitsaye, kowa fuska a murtuke, akawu kuwa yana zaune gaban kwamfuta gumi na keto masa. Na tambayi abin da ya faru, aka ce saura kwana 2 a rufe rajistar jarrabawar fita, ga shi fiye da rabin yara ba a shigar da sunayensu ba, burauza kuma ta ƙi tsayawa. Burauza dai ita ce manhajar nan da a ke buɗe shafunan intanet da ita. In akawu ya buɗe ta sai ta zauna kamar abin kirki, da ya soma rubuta sunan yaro sai ta daskare, jim kaɗan ta rufe kanta. Ya ce sau 3 yana cire ta yana sake sa ta, ya kuma gwada wata daban, ita ma ta bi sawun 'yar'uwarta.

Nan fa aka shiga kawo shawara. Wani malami ya ce kwamfutar ce ta tsufa, a rubuta wa hukuma ta sayo sabuwa. Wani ya ce wutar janareta ce ta taɓa ta. Wani ya ce a ɗauke ta yanzu a kai kasuwa a yi mata fomat, watau a share duk abin da ke cikinta a soma daga farko. Na dubi akawu na ce, “Malam, tun yaushe abin nan ya soma?” Ya ce, “Ranka ya daɗe, tun ranar da muka kai filash shagon buga takardu, kuma a makon nan ne wani yaro ya sa mana manhajar rubutu ta kyauta. Manhajar tsaro ta yi gargaɗi, ta ce ta kama wani abu ta kawar da shi, muka ɗauka shi ke nan.”

To, jama'a, wannan “shi ke nan” ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na tabbata akawuna da malaman makaranta da yawa da ke karanta wannan jarida sun gamu da irin wannan rana, ko kuwa tana nan tafe gare su. Ra'ayina shi ne, burauzar da ke mutuwa bayan cuta ta shiga kwamfuta hayaƙi ce kawai, wutar tana can ciki tana ci. Wanda ya tsaya cire burauza da sake sa ta, ya bar jaki ne yana dukan taiki. Ra'ayina na biyu kuma shi ne, gyaran nan bai fi ƙarfin akawu ko malami mai natsuwa ba, kuma ya kamata sanin sa ya zama cikin aikin duk wanda aka ba amanar kwamfutar gwamnati, kamar yadda sanin ajiye fayil ya ke cikin aikinsa.

Cutar da hanyar shigarta

Abin da a ke kira cutar kwamfuta, ko bairos, ba ciwo ba ne da ke saukowa daga sama. Manhaja ce kamar sauran manhajoji, wani ɗan Adam ne ya zauna ya rubuta ta da mugun nufi. Abin ya daɗe. A 1986 waɗansu 'yan'uwa 2 a birnin Lahor na ƙasar Pakistan, Basit da Amjad Faruk Albi, suka rubuta wata da aka sa wa suna Brain, wadda ke bin faifan ajiya daga wannan kwamfuta zuwa waccan, har suka sa sunayensu da lambar wayarsu a cikinta. A watan Mayu na 2000 wata ta fito daga ƙasar Filifin cikin siffar wasiƙar soyayya, duk wanda ya buɗe ta sai ta aika kanta ga mutanen da ke cikin littafin adireshinsa, cikin 'yan kwanaki ta game duniya. Ran 12 ga Mayu 2017 kuma wadda a ke kira WannaCry ta auka wa kwamfuta fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150, tana ƙulle takardun mutane tana neman kuɗin fansa. A Ingila sai da asibitocin gwamnati suka riƙa mai da marasa lafiya gida, aka ɗage aikin fiɗa. Abin takaici a nan shi ne kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris na shekarar, waɗanda abin ya ci ba su sa shi ba ne.

Na kawo waɗannan ne domin mai karatu ya lura da abu guda: faifan aro, da kwaɗayin buɗe abin da ba a sani ba, da jinkirin sabunta manhaja. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan 3 su ne dai a ofisoshinmu yau. Faifai ya tafi, filash ya gaje shi. Wa bai taɓa kai filash shago ba ya dawo ya tarar takardunsa sun ɓuya, sai gumakansu masu 'yar kibiya a gefe, waɗanda da ka danna su cuta ta shiga? Wa bai san manhajar sata ba, wadda a ke fasa makullinta a sa wa mutum a kan 'yan kuɗi kaɗan? Wanda ya ɓata dare yana fasa makullin kamfani ya raba wa duniya kyauta, ai banza ba ta kai zomo kasuwa. Akwai kuma allon ƙarya da kan faɗo cikin shafi da jan rubutu, wai kwamfutarka ta kamu, ka danna nan ko ka kira wannan lamba. Waɗansu ma har yanzu su kan ce ka sabunta Flash Player, alhali kuwa kamfanin Adobe ya yi jana'izar wannan manhaja tun ran 31 ga Disamba 2020.

Me ya sa burauza ce ke faɗuwa?

Ɓarawo ba ya tsayawa a zaure in ya san inda akwati ya ke. A zamanin nan burauza ita ce akwatin. Cikinta a ke shiga banki, cikinta a ke buɗe imel, cikinta a ke duba albashi da yin rajistar ɗalibai, cikinta kuma yawancinmu mu ke barin kalmomin sirri a ajiye don kada mu wahala da tunawa. Saboda haka muguwar manhaja da ta shigo, burauza ta kan nufa.

Ta kan yi mata ɓarna ta hanyoyi da dama. Wata ta kan cusa jikinta cikin jikin burauzar, ta yadda duk sa'ad da aka tayar da ɗaya sai ɗayar ta tashi. In manhajar tsaro ta zo ta cire rabin muguwar ta bar rabi, burauza ta tashi ta nemi abin da aka ɗaura mata ba ta same shi ba, sai ta faɗi. Wannan shi ya sa sau da yawa mutuwar ta kan tsananta bayan an ce an kama cutar, mai kwamfuta kuwa ya rasa gane dalili. Wata ta kan maƙala wa burauza waɗansu ƙananan manhajoji, waɗanda masu gyara ke kira ekstenshan, ni kuwa zan kira su 'yan maƙale, su riƙa watso tallace-tallace suna karkatar da mutum zuwa shafin da bai nema ba. Wata ta kan sauya hanyar da kwamfuta ke bi zuwa intanet, ta sa duk abin da ka aika ya biya ta hannun wani ɗan tsakiya, wanda a ke kira furokzi. Ran da ɗan tsakiyar ya rufe, ba shafin da zai buɗe. Wata kuma ta kan sa kwamfutarka aikin haƙar kuɗin intanet a ɓoye don amfanin ubangidanta, ta shanye ƙarfin injin duka, ka ji fanka na kuka kwamfuta ta yi zafi, burauza ta rasa wurin numfashi.

Akwai wani abu kuma da akawun nan bai sani ba. Burauza tana da wata jaka ta musamman inda ta ke ajiye tsare-tsaren mai ita, da 'yan maƙalenta, da tarihin shafunan da ya shiga. In ka cire burauzar, sau da yawa jakar nan tana nan ba ta tafi ba. Ka sa sabuwa, ta zo ta ɗauki tsohuwar jaka da duk ƙazantar da ke ciki. Ko sau 10 ka yi, sakamakon ɗaya ne. An rushe ɗaki an sake gini, amma an mai da tsohuwar katifa da kuɗin cizonta.

Gyara daki-daki

Ga yadda na ke ganin ya kamata a bi, kuma jerin yana da muhimmanci, domin wanda ya sa na ƙarshe a farko zai yi aikin banza. Na yi bayanin ne bisa Windows, tun da ita ce a yawancin ofisoshinmu.

Da farko a raba kwamfutar da intanet, a cire waya ko a kashe wayafai. In akwai waɗansu kwamfutoci da ke haɗe da ita a ofis, a raba su, kamar yadda a ke keɓe mai ƙyanda daga sauran yara. Kada a sake shiga banki ko imel da ita, kada kuma a sa mata filash ɗin kowa. In akwai aiki na gaggawa, irin rajistar nan, a nemi wata kwamfuta mai lafiya a yi shi can.

Na biyu, a kwashe takardun aiki: sunayen ɗalibai, da sakamakon jarrabawa, da lissafin kuɗi, da wasiƙu, da hotuna. A zuba su cikin wani ma'aji na dabam wanda ba kowa a cikinsa. Takardu kaɗai za a kwasa, ban da manhajoji. Kada kuma a buɗe ma'ajin nan a wata kwamfuta sai manhajar tsaro ta bincike shi tukuna.

Na uku, a nemi cutar kanta. Windows 10 da 11 suna zuwa da mai gadinsu, Microsoft Defender, ba sai an biya ko kwabo ba, kuma cikinsa akwai wani bincike da a ke yi a wajen Windows: kwamfuta ta kan kashe kanta ta tashi, ta yi binciken tun muguwar manhaja ba ta farka ba balle ta ɓuya. Ya kan ɗauki kamar minti 15. Bayan wannan a ƙara da na biyu, domin likita ɗaya ba ya ganin kome. AdwCleaner na kamfanin Malwarebytes kyauta ne, kuma an yi shi ne musamman don masu damun burauza. A sauko da shi daga shafin kamfanin kansa, da wata kwamfuta mai lafiya. In kwamfutar ta ƙi barin a yi binciken, a tayar da ita cikin halin da masu gyara ke kira sef mod, watau tashin da ba ta ɗaukar kome sai abin da ya zama tilas. A kan same shi ta danne maɓallin Shift sa'ad da a ke ba ta umurnin sake tashi, sa'an nan a bi zaɓin da ya fito.

Na huɗu, a sare kan macijin. A buɗe jerin manhajojin da ke kan kwamfutar, a jera su bisa ranar da aka sa su, a dubi waɗanda suka shigo a makon da ciwo ya soma. Wadda ba wanda ya san ta a ofis, a bincika sunanta, in ta tabbata baƙuwa ce a cire ta. A duba jerin abubuwan da ke tashi tare da kwamfuta, da kuma wurin da Windows ke ajiye ayyukan da aka ɗibar wa lokaci. A makarantar da na ba da labari, can muka sami wani umurni da aka dasa, wai kowace sa'a a sake sauko da abin da aka cire. In da ba mu gan shi ba, da gyaranmu bai kwana ba.

Na biyar, a gyara hanya. A shiga tsarin intanet na Windows a ga ko an sa furokzin da ofis bai sani ba, in akwai a kashe. A dubi gunkin burauzar da ke kan allo, a buɗe bayaninsa, domin a kan liƙa adireshin wani shafi a wutsiyar sunanta. In an ga haka a share gunkin a yi sabo. Akwai kuma umurni 2 da ya kamata kowane akawu ya rubuta a bangon littafinsa, waɗanda a ke bugawa a baƙin allon umurni da izinin mai kula da kwamfuta. Na ɗaya shi ne sfc /scannow, wanda ke duba fayilolin Windows ya mai da waɗanda aka lalata. Na biyu shi ne netsh winsock reset, wanda ke mai da hanyar sadarwa yadda ta ke tun asali. Bayan su a kashe kwamfuta a sake tayarwa.

Sai a na shida za a taɓa burauza. A Chrome a rubuta chrome://extensions a wurin adireshi, duk 'yan maƙale za su bayyana, a cire wanda ba a san shi ba. A rubuta chrome://policy kuma. In kwamfutar ba ta ƙarƙashin wani mai kula na hukuma, amma ga dokoki an jera, har burauza na cewa wata ƙungiya ce ke sarrafa ta, to, akwai alamar muguwar manhaja ce ta naɗa kanta sarauta, kuma ɗan maƙalen da ta sa ba zai ciru ba sai an share dokokin nan. Wannan wuri ne da ya kamata a nemi wanda ya fi sani, kada garin neman gira a rasa ido. Daga nan a shiga tsarin burauza a zaɓi mai da ita yadda ta fito daga kamfani. A Chrome wannan ya kan gyara shafin farko da injin bincike, ya kashe 'yan maƙale, amma ba ya taɓa shafunan da ka yi wa alama ko kalmomin sirrin da ka ajiye. Edge ma tana da irinsa. A Firefox a rubuta about:support, nan za a ga maɓallin wartsake ta. A kuma duba jerin shafunan da aka ba izinin aiko da sanarwa, a soke na banza. In duk da haka tana mutuwa, sai a fitar da alamomin shafuna a ajiye, a cire burauzar tare da tsohuwar jakarta, a sauko da sabuwa daga shafin kamfaninta. A yi hattara wajen sake shiga asusun da ke haɗa burauzar ofis da ta waya ko ta gida, domin ya kan dawo da 'yan maƙalen da aka kora.

Na bakwai shi ne wanda aka fi mantawa, shi ne kuma mafi girma. Ɓarawo ya kwana a ɗakinka, ka kore shi, ka share ɗaki. Makullan da ke rataye a bango fa? Akwai irin cutar da ba ta da wani aiki sai kwashe kalmomin sirrin da ke cikin burauza, da 'yar shaidar nan da shafi kan bar maka don kada ya sake tambayarka ko wane ne kai, ta aika wa ubangidanta cikin ƙiftawar ido. Saboda haka a ɗauka duk kalmar sirrin da ta taɓa bi ta kwamfutar nan ta fita. A sauya su duka, daga wata na'ura mai lafiya, a soma da imel, domin da shi a ke buɗe sauran. A umurci kowane asusu ya fitar da duk na'urorin da ke cikinsa. A sa tabbaci na biyu, wanda ke neman lamba daga wayarka. In an taɓa shiga banki da ita, a duba lissafi, a sanar da banki in an ga abin da ba a gane ba.

Mu dai a ranar, da kwamfutar wani malami aka gama rajistar yara, gyaran kuwa ya ci mana daga azahar zuwa bayan magariba. Kashegari da aka shiga imel ɗin makarantar aka ga an riga an shiga shi daga wani wuri da ba wanda ya sani. Da fomat kaɗai aka yi, da kwamfuta ta dawo fes, baƙon kuwa yana nan zaune cikin wasiƙun makaranta.

Masu cewa a yi fomat a huta

Ba na ƙin maganarsu duka. Gaskiya ne akwai cutar da kan yi saiwa har ba mai iya rantsewa ya tumɓuke ta, kuma masana tsaron kwamfuta da kansu su kan ce in abin ya kai haka, ko in an yi gyara ciwo ya dawo, to, share kome a sake sa Windows shi ne mafi aminci. Kwamfutar da a ke lissafin kuɗin hukuma da ita ma, ni kaina zan fi son a yi mata haka. Abin da na ke ƙi shi ne fomat na makanta. A ɗauki kwamfuta a kai rumfa, ba a kwashe takardu ba, aikin shekara 5 ya tafi cikin rabin sa'a. A sa mata Windows ta sata, a ƙara da manhajojin sata daga filash ɗin da ya shiga kwamfuta ɗari a makon nan. A dawo da ita ofis ba a sauya kalmar sirri ko ɗaya ba. Wannan ai wanka ne da ruwan kwata. Kuma a tuna, sa'ad da kwamfutar ta kwana a rumfa, sunayen 'ya'yan mutane da hotunansu da ranakun haihuwarsu da lambobin iyayensu sun kwana tare da ita. Akwai masu gyara na kirki masu riƙon amana, na san su da yawa, amma ko su sai an gaya musu abin da a ke so, kuma mai kaya ya tsaya a kan kayansa.

Masu cewa ba aikinmu ba ne

Na sha jin akawu na cewa shi ba injiniya ba ne. To, akawun da, wanda ya yi aiki a ofishin En'e kafin a kawo ƙananan hukumomi a 1976, shi ma ba makaniki ba ne, amma ya san sauya ƙyallen tafireta, ya san goge haruffanta da ɗiga mata mai, ya san rufe ta da yamma don ƙura. Bai taɓa barin makullin kabad a ƙofa ya tafi gida ba, kuma in fayil ya ɓace shi a ke tambaya. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa rajistar aji amana ce, ba a ba da aronta, ba a barin ta inda gara za ta ci. Rajistar ce dai yau ta koma cikin kwamfuta, amanar ba ta sauya ba.

Doka ma ta shigo cikin maganar. Ban da dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, Nijeriya ta sami dokar kare bayanan mutane a watan Yuni na 2023. Ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin kiyaye su, ta kuma ce in aka yi satar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da hukumar kare bayanai cikin sa'a 72 daga lokacin da aka gane. Makarantar da ke riƙe da sunayen yara ɗaruruwa ba za ta ce wannan bai shafe ta ba. Kuma tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta. Yaya za mu aika yara su rubuta makomarsu a kan na'urar da mu malamansu mu ke tsoron buɗe tsarinta?

Amma fa kada a ɗora wa akawu laifin da ba nasa ba. Na shiga ofisoshi na ga kwamfuta na aiki da Windows 7, wadda Microsoft ta daina aiko wa maganin ɓaraka tun ran 14 ga Janairu 2020, Chrome kuma ta daina sabuntuwa a kanta tun farkon 2023. Windows 10 ma wa'adinta ya cika ran 14 ga Oktoba 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin lokaci. Internet Explorer an sallame ta tun Yuni 2022. Irin wannan kwamfuta gida ce da ba ƙyaure, kome ƙwazon mai gadi. Wannan nauyi yana wuyan mu shugabanni ne masu rubuta kasafi, da mu kan sa kuɗin sayen na'ura mu manta da kuɗin kiwonta.

Abin da na ke roƙo

Ina roƙon hukumomin ilmi da na ƙananan hukumomi abu 4, ba kuwa masu tsada ba ne. A shirya kwas na kwana 2 ko 3 ga akawuna da malamai a kan abin da na zayyana a sama, a yi shi da hannu a gaban kwamfuta, kada a tsaya ga lacca. A hana sa manhajar sata a kan kwamfutar gwamnati. Inda ba kuɗin lasisi, ga LibreOffice nan kyauta ta halal tana rubutu tana lissafi, tsohuwar na'urar da ba ta ɗaukar Windows 11 kuma a kan iya sa mata Linux ta ci gaba da aiki. A sa doka kowane ofis ya kwafi takardunsa ranar Juma'a cikin ma'aji na dabam, a cire shi a kulle a kabad. A kuma buɗe ɗan littafi kusa da kowace kwamfuta, a riƙa rubuta abin da aka sa mata da ranar da aka sa da sunan wanda ya sa, domin ran da ciwo ya zo a san inda za a soma nema. Masu duba makarantu, da ni a cikinsu, mu riƙa tambayar littafin nan kamar yadda mu ke tambayar rajista.

Kai kuma ɗan'uwana akawu, da kai malam, kada ku jira takarda daga sama. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gobe in kun isa ofis ku buɗe jerin 'yan maƙalen burauzarku ku ga ko kun san su duka, ku duba yaushe rabon kwamfutar da sabuntawa, ku tambayi kanku ina kwafin takardunku ya ke in ta ƙi tashi jibi. A shekarun 1950 iyayenmu sun yi Yaƙi da Jahilci, dattawa masu furfura suka zauna a tabarma suna koyon baƙaƙe ba su ji kunya ba. Mu da muka gaji alƙalaminsu bai kamata mu ji kunyar koyon wannan ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ba mu, ya kiyaye mu daga sharrin na ɓoye da na sarari, amin.